A Janye Yaran Firamare Daga Rana Kafin Bazara Ta Kayar Mana Da Su

Duk makarantar firamaren da ke Garwa da kewayenta, daga Pitowa zuwa Gidar, daga Lagdo zuwa Figil, har can Marwa da Kuseri, wadda jadawalinta ya ajiye darasin motsa jiki bayan ƙarfe tara na safe, ta ɗauko alƙalami ta gyara shi kafin watan Maris ya tsaya da ƙafafunsa. Wadda kuma bazara ta riga ta tarar da ita da tsohon jadawali, ta gyara yau. Magana ce ta rai. Yaro ɗan shekara takwas da aka sa gudu a kan yashi da tsakar rana a wannan gari yana iya yanke jiki ya faɗi, kuma idan manyan da ke tsaye a kansa ba su san abin yi ba cikin rabin sa'ar farko, yana iya ƙin tashi.

Garwa kwance take a cikin kwarin Binuwai, a ƙasa-ƙasa, ba kamar Ngaundare ba da ke bisa tudu sama da mita 1000 tana shan iska. A watannin Maris da Afrilu zafi a nan yakan taɓa digiri 40 kusan kullum, kuma ranakun da yake haura haka ba baƙi ba ne. Wannan adadin da ake ji a rediyo kuwa a inuwa ake auna shi. Filin makaranta ba shi da inuwa, kuma yashin da ke cikinsa ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Ɗan ƙaramin aji, SIL ko CP, wanda tsayinsa bai wuce kwankwason malaminsa ba, shi ya fi kowa kusa da wannan turirin. Sau da yawa ma da silifas na roba yake gudu, ko kuma ba takalmi, don uwa ta ja masa kunne kada ya tsinka mata shi.

Daga ƙarshen Afrilu, lokacin da hadari ke ta haɗuwa yana watsewa, sai iska ta yi nauyi da laima, kuma nan ne haɗarin ya fi ɓuya. Jikin mutum kamar randar ƙasa yake: tana sanyaya ruwa ne don tana tsatsafo, iska na busar da tsatsafon. In iska ta cika da danshi, gumi zuba kawai yake yi bai bushe ba, ruwan jiki na ƙarewa, zafi na nan daram. Ga shi kuma naman jikin mai gudu da kansa yana haifar da zafi ninkin-ba-ninkin na wanda ke zaune. Idan zafin da ke shiga ya rinjayi wanda ke fita, cikin yaro sai ya riƙa ɗumama, har ya kai inda ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta ba za su iya ɗauka ba.

Na san amsar da za a ba ni, don ita ake bayarwa kullum: "Mu 'yan arewa ne, a rana aka haife mu, mun saba." Gaskiya ne jiki yana sabawa da zafi, likitoci ma sun ce yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu yana sabawa. Amma a dubi yadda iyayenmu suka yi nasu sabon. Manomin auduga da asuba yake fita, kafin rana ta take ya nemi gindin bishiya. Makiyayi yana kwantar da shanunsa a inuwa da tsakar rana, don ko saniya ba ta yarda ta yi kiwo a lokacin. Masuncin Binuwai ya san sa'ar da yake jefa birgi. Wasannin da muka gada, langa da kokawa da gaɗa da wasan ɓuya, a dandali ake yin su da yamma ko da farin wata. Babu wata kaka da ta taɓa tara jikokinta ta ce su yi tsere da azahar. Sabon da muka gada na kauce wa rana ne. Makarantar boko ce ta zo da ƙararrawa da takarda, ta ce ƙarfe sha ɗaya da rabi lokacin wasa ne, ko da sama na zubo da wuta.

Manhaja ɗaya ce daga Yawunde har Kuseri, amma rana ba ɗaya ba ce. Yadda abin ke faruwa kuwa ba da mugunta ba ne. Malami yana son ya kama hankalin yara tun da sanyin safiya, sai ya ba Faransanci da lissafi sa'o'in farko, ya tura darasin motsa jiki, wato EPS, can baya, bayan hutun tara ko daf da tashi, a matsayin abin da za a cike gurbi da shi in kawuna sun gaji. A garin da ke da sanyi wannan dabara ce mai kyau. A Garwa, tana fitar da yara fili daidai lokacin da ya kamata a ce kowa ya shige inuwa. Makarantun da cunkoso ya sa aka raba musu yini biyu, wasu yara da safe wasu da rana, nasu ya fi muni, domin 'yan rukunin rana tun daga hanya suke fara gasuwa kafin ma su iso aji.

Masu cewa mun saba su tuna da gasar cin kofin Afirka da aka yi a ƙasar nan a farkon 2022. Filin Rumde Ajiya ya karɓi baƙuncin rukunin su Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau. A watan Janairu ne, tsakiyar hunturu, lokacin da Garwa ta fi kowane lokaci sauƙi. Duk da haka wasannin da aka buga a nan, ko ƙarfe biyar na yamma ko takwas na dare. Ƙarti ne majiya ƙarfi, da likitocinsu da ƙanƙararsu da motar asibiti a bakin fili, amma ba a fitar da su da tsakar rana ba. A Limbe, inda aka buga wasan Mali da Tunisiya da ƙarfe biyu na rana ranar 12 ga Janairu, duniya ta ga abin da zafi ke yi wa kai. Alkalin wasa ɗan Zambiya, Janny Sikazwe, ya hura usur na tashi a minti na 85, aka ce masa da saura, ya ci gaba, ya sake tashin wasa kafin minti 90 su cika. An yi ta yi masa dariya a Facebook, sai daga baya aka bayyana cewa rana ce ta buge shi, ruwan jikinsa ya ƙare, har sai da aka kai shi asibiti. Wannan babban mutum ne da ya yi alkalanci a gasar cin kofin duniya, gudu sana'arsa ce. Zafi ya rikita masa lissafin agogon da ke ɗaure a hannunsa. To ina ga yarinya 'yar CE1 da ta fito gida da kunun da bai kai rabin kofi ba?

Wanda ya bi ta gefen katangar wata makaranta a unguwanninmu da hantsi ya san abin da nake faɗi. Yara sun fi tamanin a layi biyu, malami ɗaya da usur a baki da tsumagiya a hannu, shi yana tsaye a 'yar inuwar baranda. An dasa duwatsu huɗu a matsayin kusurwoyin fili. Zagaye na farko ana dariya ana ture-ture. A na uku dariya ta ɗauke, ba ka jin komai sai ƙarar silifas da haki. Wata yarinya mai hijabi mai kauri a kan rigar makaranta ta rage gudu, ta dafe ciki.

"Malam, ruwa."

"Sai an gama! Saura zagaye biyu, ke dai raguwa ce."

Ta ci gaba, don an hore ta kada ta musa wa babba. Can baya wani yaro ya fita daga layi yana tangaɗi, 'yan'uwansa na yi masa tsiya wai ya sha giya. Ya zauna a ƙasa, ya rafka tagumi, an kira sunansa sau biyu bai amsa ba. Wannan yaron da ake yi wa dariya shi ne wanda ke bakin rami, kuma babu wanda ya sani a filin nan.

Binciken likitocin yara na 'yan shekarun nan ya nuna cewa yaro mai lafiya, in ya sami ruwa da hutu, jikinsa na iya jure zafi kusan yadda na babba ke yi. Ashe raunin yaro a wani wuri yake. Babba in ya ji jiri zai tsaya, ya nemi inuwa, ya sayi ruwan leda. Yaro ba shi da wannan ikon. Bai san sunan abin da yake ji ba, yana tsoron bulala, yana kunyar abokai, kuma usur ɗin a bakin wani yake. Saboda haka duk yaron da rana ta kayar a filin makaranta, a nemi babban da ya tsara lokacin, da babban da ya hana ruwa.

Abin yana zuwa ne hawa-hawa, kuma ya kamata kowane malami ya haddace shi kamar yadda ya haddace jadawalin sau. Da fari ƙishirwa da ciwon kai da murɗewar ƙafa ko ciki. Sai jiri, tashin zuciya ko amai, kasala, gumi sharkaf, fuska ta yi fayau. A wannan matakin yaro yana cikin hayyacinsa: a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kuma ya gama wasa ke nan na wannan rana ko da ya ce ya warke. Matakin da ke kisa shi ne wanda hankali ya taɓu. Yaro ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko kallon mutane bai gane su ba, ko ya suma, ko ya kama jijjiga. A lokacin zafin cikinsa ya haura digiri 40. Kada a ce ai yana gumi don haka da sauƙi. Wanda gudu ya jawo wa bugun rana sau da yawa jikinsa jiƙe yake sharkaf.

A nan ne muke yin kuskuren da ke cin rai, kuma kala uku ne. Wasu su ce iska ce ta taɓa shi, musamman in yarinya ce, sai a zagaye ta ana tofi ana hayaƙi, jama'a sun toshe mata iskar da take buƙata. Ba na hana addu'a. A yi ta da baki, hannu kuwa yana zuba ruwa. Wasu su ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, a nemo farasitamol a ɗura masa. Wannan magani ba ya sauke zafin da rana da gudu suka haifar, yana ma iya ƙara wa hanta wahala, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu ta baki hanya ce ta shaƙe shi. Na uku su ne masu kyakkyawar niyya da ke saɓa yaro a kan babur a ruga asibiti cikin rana ba tare da an jiƙa shi ba. Minti ashirin na hanya da layin karɓar kati, duk cikinsa na ci gaba da dahuwa.

Ƙa'idar da likitocin wasanni suka tsaya a kanta ita ce a fara sanyaya jiki nan take, sannan a ɗauka. A kai shi inuwa, a cire masa kaya. In akwai baho ko rabin duro, a zaunar da shi cikin ruwa mai sanyi har wuya, wani na riƙe da kansa kada ya nutse. In babu, a yi ta kwara masa ruwa daga kai har ƙafa ba ƙaƙƙautawa, wasu na yi masa fifita da kwali ko faifai. A aika da gudu wurin mai sayar da ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma a sa a wuya da hammata da matsematsi. Idan ya suma a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya koma masa. Ana cikin haka wani ya nemo abin hawa, kuma a tafi da jarkar ruwa ana zuba masa har ƙofar asibiti. Wanda aka sauke wa zafi cikin minti 30 na farko, galibi yana tashi. Wanda aka yi wa jinkiri, ko ya rayu, ƙoda ko ƙwaƙwalwa na iya samun tabon da ba ya gogewa.

Cikin yara tamanin ɗin nan kuma ba duka ne suka fito fili da ƙarfi ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Kamaru cikin ƙasashen da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na jama'a ke ɗauke da ƙwayar sikila. Mai cikakkiyar cutar, ƙishirwa da wahala da zafi su ne ke tayar masa da ciwon ƙashi da ke kwantar da shi kwana da kwanaki. Mai rabi ma, wanda bai taɓa sanin yana da ita ba, gudu mai tsanani cikin zafi ba ruwa yana iya kayar da shi. Ga wanda ya tashi daga zazzaɓi shekaranjiya, ga wanda ya kwana yana gudawa, ga mai asma da ƙurar fili ke shaƙewa, ga zabiya da rana ke ƙona wa fata, ga wanda bai karya ba. Malami ba zai san wannan ba sai an gaya masa, iyaye kuma da yawa suna ɓoye ciwon ɗansu don gudun surutu. Uwar da ta san ɗanta na da sikila ta kuma ƙi sanar da makaranta, ta bar shi ne a hannun wanda zai kira shi rago ya ƙara masa zagaye.

Sai azumi. Daga 2022 zuwa 2025 Ramadan a Maris da Afrilu ya yi ta faɗowa, tsakiyar bazara, kuma mun ga 'yan CM1 da CM2 suna gasar wa zai kai azumi talatin. Sha'awa ce mai kyau, amma malamanmu sun bayyana cewa azumi bai wajaba a kan wanda bai balaga ba. Yaron da ke ɗauke da azumi ba a sa shi gudu, ko da safe ne. Ya riƙe usur, ya ƙirga maki, ya zauna a inuwa.

Akwai wani abin da ya fi darasin EPS muni, shi ne mayar da motsa jiki bulala. Wanda ya makara, tsallen kwaɗo daga ƙofa zuwa aji. Wanda bai yi aikin gida ba, durƙuso a rana hannu sama da dutse a tafi. Wanda ya yi surutu, zagaye goma. Wasu malaman ma suna ganin sun yi sassauci tunda ba su doke shi ba. Tsallen kwaɗo mai yawa yana farfasa naman cinya, abin da ya fashe ya bi jini ya toshe ƙoda. Alamarsa ita ce yaro ya kasa taka ƙafa washegari, fitsarinsa ya yi baƙi-baƙi. Uwar da ta ga haka kada ta tsaya shafa man zafi, asibiti za ta nufa a ranar. Dokar ƙasa mai lamba 98/004 ta ranar 14 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara alƙiblar ilimi a Kamaru, ta haramta azabtar da jikin ɗalibi a sashe na 35. Ba ta ware azabar da aka yi da rana daga wadda aka yi da dorina ba.

Abin da ya sa nake wannan kira da gaggawa shi ne yadda kalandar makaranta ke tara wahalhalun jiki a daidai watannin wuta. An gama atisayen macin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, sai zaɓen 'yan wasan gasar makarantu ta FENASSCO, daga makaranta zuwa gunduma zuwa jiha, kowane darakta na son kofi a ofishinsa. Sai 'yan CM2 da ake shirya wa gwajin wasanni na jarrabawar kammala firamare ta CEP, waɗanda wasunsu ba su yi gudun kirki ba tun Satumba, a ce cikin mako biyu za a mayar da su barewa. Sai atisayen faretin 20 ga Mayu, wanda a ganina ya fi duka haɗari, don a nan ba gudu ne kawai ba, tsayuwa ce ta sa'o'i a kan kwalta ana jiran manyan baƙi, a lokacin da iska ta yi nauyi da laima. Kowa a garin nan ya taɓa ganin yarinya ta sulale a layin fareti, aka janye ta gefe, aka cike gurbinta, ganga ta ci gaba.

Zafin kuma ƙaruwa yake yi, wannan ba ji-ta-ji-ta ba ce. Ranar 3 ga Afrilu 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. A kwanaki huɗu na farkon watan, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102, da yawansu tsofaffi, kuma masanan yanayi da suka bi diddigin abin sun ce irin wannan zafi ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar duniya ba. A Maris na 2024 Sudan ta Kudu ta rufe makarantunta gaba ɗaya saboda zafi, ta sake rufewa a Fabrairun 2025 bayan ɗalibai sun yi ta sumewa a Juba. A Japan, ranar 17 ga Yuli 2018, wani yaro ɗan shekara shida a garin Toyota ya rasu bayan makarantarsu ta fita da su yawo zuwa wani lambu da ke kusa. Ya ce ya gaji tun a hanya, aka lallaɓa shi ya ci gaba, da suka dawo aji ya suma. Zafin da ya kashe shi bai kai wanda Garwa ke gani a rana ta yau da kullum cikin Afrilu ba. Ƙa'idar hukumar wasanni ta ƙasar ita ce, in zafi ya kai digiri 35 a dakatar da motsa jiki, musamman ga yara. Da za a ɗora wannan ma'auni a kan filayenmu, da daga hantsi zuwa la'asar babu yaron da zai taka fili tun daga Maris har ruwa ya sauka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada wani darakta ya karanta wannan ya ce shi ke nan, an huta da EPS. Yaran da ke matse su huɗu ko biyar a benci ɗaya ƙarƙashin kwano suna buƙatar su miƙe ƙafa fiye da kowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Garin da ya fitar da Coton Sport har wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, ƙungiyar da Vincent Aboubakar ya taso a cikinta kafin ya ci ƙwallo 8 a gasar kofin Afirka ta 2022 ya kuma zura wa Brazil a Ƙatar, ba garin da za a ce yara su daina gudu ba ne. Sa'a kawai za a sauya. Daga Maris zuwa saukar ruwa, a yi darasin da zarar an sauka daga taron tuta, a gama kafin tara, a gajarta shi, a riƙa tsayawa shan ruwa duk bayan minti 15 ko 20 ba sai yaro ya roƙa ba. 'Yan rukunin rana su yi nasu daf da tashi, in inuwa ta miƙe. Ranar da gari ya tashi da zafi tun asuba, a koma gindin dalbejiya a yi miƙe-miƙe da carafke da wasan tafi. Lissafi ba zai lalace ba don an koma da shi ƙarfe tara. Tseren nesa da gasar makarantu kuwa, a kai su Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da Allah ya ba mu sanyi kyauta.

Ruwa shi ne inda za a ce babu kuɗi. Makarantu da yawa ba su da famfo, masu shi ma yakan ɗauke a bazara. Amma kuɗin APEE da iyaye ke biya kowace shekara, wanda ake sayen alli da biyan malaman iyaye da shi, ba zai gaza sayen randa biyu da duro ɗaya mai murfi ba. Randa ta sha, duro na ajiye don ranar da wani ya faɗi, kuma kada a fara darasi sai an ga duron cike. A kula da tsabta: wannan yanki bai manta da kwalarar 2010 da 2011 ba, don haka moɗa ɗaya ta ɗiba, kowane yaro da gorarsa ko kofinsa, ba a tsoma hannu. Yaron da aka sallama da ƙishirwa kuma, in makarantarsu na kusa da kogi, can zai zarce ya faɗa ruwa, ga tsargiya ga nutsewa.

Ban ɗora wa malamin aji laifin duka ba. Mutum ɗaya ne aka ce ya koyar da karatu da lissafi da kimiyya da waƙa da wasanni, abin da ya samu game da motsa jiki a makarantar horar da malamai ta ENIEG bai taka kara ya karya ba, malamin iyaye kuwa sau da yawa ko wannan bai samu ba. Amma ilimin yana cikin garin nan. Cibiyar CENAJES da ke horar da malaman wasanni tana Garwa. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana da masu koyar da taimakon gaggawa. Yini ɗaya cikin ranakun da sufetoci ke tara malamai don bita ya isa a nuna wa kowa yadda ake gane yaron da rana ta buga da yadda ake jiƙa shi. Wakilin Ma'aikatar Ilimin Firamare na jihar Arewa da takwaransa na Arewa Mai Nisa, takarda ɗaya daga teburinsu za ta hana motsa jiki da horon rana da atisayen fareti tsakanin tara na safe da huɗu na yamma a duk makarantun gwamnati da masu zaman kansu. Ba ta buƙatar kasafin kuɗi, sa hannu kawai take jira. Masu martaba lamiɓe, limamai a huɗubar Juma'a, fastoci da fada-fada a majami'u, da gidajen rediyonmu masu watsa shiri da Fulatanci da Hausa, su ma su ɗauki maganar, don a kunnensu jama'a ke ji.

Kai kuma uba, ke kuma uwa, kada ku jira takardar gwamnati. Yau da daddare ku tambayi yaronku wace rana suke EPS, ƙarfe nawa, kuma ana barin su su sha ruwa ko sai an gama. In ya ce bayan hutun tara ne, gobe da safe ku je wurin darakta, ku gaisa cikin mutunci, ku roƙe shi ya mayar da darasin farkon yini. In ɗanku na da sikila ko asma, ko bai daɗe da tashi daga ciwo ba, ku faɗa wa malaminsa baki da baki. Ku ba shi abin karyawa da gorar ruwa kafin ya fita, kuma ku gaya masa a gaban malamin cewa in ya ji jiri ya tsaya, ba wanda zai doke shi.